Yatsa ɗaya, sunaye barkatai

Ranar wata Litinin fayil ɗin ya iso teburina, ni kuma ranar a makare na shigo sabida gosulon Nyanya, tun shida da rabi na baro Mararaba amma sai tara saura na ƙaraso, ko jaka ban ajiye ba masinja ya miƙo min shi. Ɗan siriri ne, takarda uku ce kacal a ciki, oga ya yi rubutu a gefen ta sama wai a bincika a kawo rahoto, ya sa hannu, shikenan. Da wani yace min ɗan fayil ɗin nan zai koma kwali huɗu ya kuma ci min sama da shekara biyu, da dariya zan masa.

Bazan faɗi ofishin da nake ba. Masu irin aikin nan dai a ƙasar nan suna da yawa, akwai ICPC da aka kafa a 2000, akwai EFCC da ta fara aiki a 2003, akwai ɓangaren 'yan sanda masu binciken zamba, ga kuma oditoci da sau da yawa su ke fara jin warin abu. Ni shugaban tim ne, mutum huɗu ke ƙarƙashina, masu bincike biyu, akanta ɗaya, sai wata yarinya da ta san kwamfuta kamar yunwar cikinta. Mutane in sun ji aikina sai su ɗauka kullum muna cikin mota da jiniya muna ɓalle ƙofar gidan ɓarayi. Ina! Rabin aikina karatu ne, ɗaya rabin kuma cewa "a'a, ba yanzu ba" ga yaran da jininsu ke tafasa. In kes yayi kyau sunan hukuma ake kira, in ya ruɓe a kotu ni ake nema.

Ƙorafin wani malamin firamare ne ya rubuto shi, a madadin mahaifiyarsa da matan ƙauyensu can gaba da Kwali. Yace an zo an yi musu rajistar wani shirin tallafin mata na gwamnati, an ɗau hoto, an dangwala yatsa, an cika fom ɗin banki, aka ce kuɗi zai dinga shigowa duk wata. Shiru kake ji. Har sun manta da zancen, sai bayan shekara guda wasu masu sa ido suka zo da takarda da biro suna tambayar matan wai wace sana'a suka kama da kuɗin da ake basu. Matan suka kalli juna suka ce wane kuɗin? Anan malamin ya gane ruwa baya tsami banza.

Abu na farko da nake yi da kowane ƙorafi, kafin ma in kira yarana, shine in tambayi kaina laifi ne wannan ko rigima ce. Wallahi da yawan takardun da ke zuwa mana ba almundahana bace, ɗan kwangila ne bai biya abokin harkarsa ba, ko an raba gado an danne wani, ko ma'aikaci ne ke jin haushin wanda aka ɗora a kujerar da ya ci wa buri sai ya zauna ya shirga ƙarya shafi biyar. Kuma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda muke ce wa ACJA, a sashe na 8 ta faɗa ƙarara ba a kama mutum kawai don bashi ko saɓa yarjejeniya. Wannan kam ba rigima bace, kuɗin gwamnati ne aka ce an biya wasu mutane, mutanen sun ce basu gani ba, to ko an biya ko ba a biya ba takarda zata nuna.

Na tara yaran muka zauna, na kuma taka da kaina sashen shari'a na roƙo lauya ɗaya ya zauna damu tun ranar farko. Wannan darasi ne da na koya da wahala, in ka gama bincikenka kaf sannan ka kai wa lauya zai ɗaga gilashi ya ce ina takarda kaza, ina shaida kaza, alhali wanda zai baka su ya riga ya yi ritaya ko ya bar gari. Muka rubuta a allo wane laifi muke zato, me doka ke so a tabbatar a kowanne, wace takarda ko wane mutum zai tabbatar, wa zai nemo. Na kuma maimaita sharaɗin da nake kafa musu kullum har sun gaji da ji: ba mai ganin wanda ake bincika shi kaɗai sai mutum biyu, ba haɗuwa a otal ko gidan abinci, duk kiran da ya shigo akan kes a rubuta shi a littafi da lokacinsa.

Sai wasiƙu. Muka rubuta wa ofishin da ke gudanar da shirin ya bamu jerin sunayen masu cin gajiya, jadawalin biya, bauca, da takardun da matan ke dangwalawa duk wata cewa sun karɓa. Sati biyu shiru. Muka tura tuni, aka ce mai makullin sito ya tafi ta'aziyya. Ya dawo, aka ce ai ruwa ya shiga siton. Sai da na ɗau ƙafa na je da kaina na zauna a ofishin sakatariya tun goma har la'asar, ban ɗaga murya ba, jarida kawai nake karantawa ina gaisawa da duk wanda ya wuce, kafin aka fito da fayilolin, kuma abun mamaki a bushe suke ƙamas. Ban bari an zuba mana su a but haka kawai ba, sai da muka lissafa kowace takarda ɗaya bayan ɗaya, suka sa hannu sun bayar muka sa hannu mun karɓa, har magariba ta same mu a gun. Yarana sun ji haushi, amma gobe a kotu lauya zai tambaya wa ya baku wannan takardar, yaushe, a hannun wa ta kwana, in ka yi inda-inda shikenan ta tashi daga shaida.

Bari in ɗan yi bayanin yadda satar ta canza salo, don shi ya sa kes ɗin nan ya min daɗin bi. Da can hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirƙiri mutanen da babu su a duniya ka zuba a lis. To an zo an kawo IPPIS a 2007 don albashin ma'aikatan tarayya, aka kawo BVN a Fabrairun 2014, lamba 11 da ke ɗaure da yatsun mutum da duk akawun ɗinsa a kowane banki, sannan a 2015 aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a Babban Banki. Kuɗi yanzu in ya fita daga gwamnati yana barin sawu. Sai masu abun suka daina wahalar ƙirƙirar fatalwa, suka koma amfani da mutane masu rai waɗanda basu iya karatu ba kuma basu da wanda zai tsaya musu. Sunan na gaske, hoton na gaske, BVN na gaske, akawun na gaske, in odita ya duba daga Abuja komai tsaf. Satar tana can a taki na ƙarshe, tsakanin banki da hannun matar.

Yarinyar kwamfutar nan ce ta fara gano bakin zaren. Ta shigo ofishina ko sallama bata ƙarasa ba tace "Oga zo ka ga wani abu." Ba wani sihiri tayi ba, lis ɗin ta jera bisa lambar waya maimakon bisa suna, sai ga mata ɗaruruwa amma lambobin da alat ke zuwa musu basu kai ashirin ba, lamba ɗaya tana ɗauke da mata talatin da wani abu a ƙauyuka daban daban. Muka rubuta wa bankuna su bamu takardun buɗe akawun da sitetmen, na kuma ja layi a ƙarƙashin cewa kowanne ya zo da satifiket ɗin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, sabida duk abinda ya fito daga kwamfuta in ba wannan satifiket ɗin lauyan wanda ake tuhuma zai tashi tsaye ya ce a jefar, na taɓa gani da idona a wani kes ɗin. Da sitetmen suka zo akantanmu ya kwana biyar a kansu. Duk wata kuɗi na shiga yau, kafin gobe an cire, ba a ATM ba, a na'urar POS guda ɗaya a Gwagwalada, tsakanin sha ɗaya na dare da ɗaya, kati bayan kati, minti ɗaya ko biyu tsakani. Nace to ko dai matan ƙauyen nan layi suke yi da tsakar dare a Gwagwalada, ko kuma wani ne zaune da buhun katuna a gabansa.

Duk da haka takarda takarda ce, sai mun ga mutanen. Damina ce lokacin, muka bar titin Lokoja muka yanki burji, mota ta kafe sau biyu, ƙarshe da mashin muka ƙarasa wandona duk jar laka. Muka fara zuwa gun mai gari, nace "Ranka ya daɗe, daga gwamnati muke, mun zo jin bayanin rajistar da aka yi wa mata ne," ban kira sunan kowa ba, ban ce sata ba, don ban san wa ke zaune a fadar ba. Garin haɗe yake, Gbagyi da Hausawa da Fulani, amma Hausa kowa ke yi a kasuwa. Aka raka mu gidan mahaifiyar malamin, muka same ta a tsakar gida tana gyaran rama a faranti, ta sa aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo ruwa a kwanon sha.

Nace "Inna, sau nawa kika dangwala musu hannu?"

Tace "Ɗan nan sau ɗaya ne, ranar da suka zo da abun hoto. Daga shi sai na zaɓe."

"Katin banki fa?"

"Sun ce kati yana Abuja za a kawo."

Na ciro kwafin takardar karɓar kuɗi na shimfiɗa mata akan tabarma, ga sunanta, ga dangwale goma sha biyu a jere, na wata goma sha biyu. Ta goge hannu a zani, ta matso, ta ɗora babban yatsanta kusa da na takardar tana kallo. Nata ɗan ƙarami ne, aiki ya cinye zanen har ya yi sumul. Na takardar faffaɗa ne, da wani tabo da ya ratsa shi a karkace kamar yankan wuƙa. Ta kwashe da dariya tace "Wannan ai yatsan ƙato ne." Matan da suka taru a bakin ƙofa suka hau dariya suma, ni dai ban iya yi ba, don na riga na lura tabon nan yana layin maƙwabciyarta, yana layin ta ƙasa da ita, yana shafi na gaba, duk shafin mutum ɗaya ne ya zauna da tawada ya dangwale shi tas. Amma idona ba shaida bane, sai da muka aika asalin takardun gun masanin zanen yatsa ya rubuto rahoto. Mun kwana biyu muna ɗaukar bayanin matan, da Hausa ake rubutawa, a karanta wa mace ta ce eh haka na faɗa, ta dangwala, sannan a juya shi zuwa Turanci mai fassarar ya sa hannu. Wata tace ita bazata sake dangwala wa gwamnati komai ba, wancan ma da tayi ga abinda ya jawo, sai da mai gari ya sa baki.

A hanyar dawowa ƙaramin cikin masu bincikena, yaro mai ƙwazo wallahi amma akwai zafin kai, yace "Oga ga Gwagwalada a gabanmu, mu tsaya mu ɗauke mai POS ɗin nan yanzu mana." Nace a'a. Yace "Oga komai na hannunmu fa." Nace me ke hannunmu? Mai POS. Daga shi sai wa? Shiru. Na tuna masa sashe na 35 na kundin tsarin mulki, in ka kama mutum kuma akwai kotu cikin kilomita 40 to kwana ɗaya gareka ka kai shi, in babu ne kwana biyu, mu kuwa a Abuja duk inda ka juya kotu ce. Eh ana iya neman odar tsarewa daga kotu, ta farko bata wuce kwana 14, amma sai ka nuna dalili. Kuma babbar matsalar ba agogon bane, da zarar ka taɓa yaron nan, kafin isha duk layukan wayar nan suna cikin kwata, katunan sun sha wuta, kuɗin da ya rage ya yi fiffike, mu ƙare da ɗan talaka a hannu muna hoto dashi, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Har muka iso Zuba bai sake min magana ba.

Sati uku muka ƙara. Akantan ya bi kuɗin daga akawun ɗin mai POS, yana cire ɗan kamashonsa sauran ya tura wa wani kamfani. Muka nemi bayanin kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daraktoci biyu ne, wata mata da wani saurayi ɗan jami'a, sunan ƙarshensu ɗaya da na jami'in da ke kula da shiyyar a shirin, adireshin ma na gidansa ne. Abun dariyar da sunan gona aka yi wa kamfanin rajista, sabida ya san ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata ta hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci in ba noma ba, amma ko kaza ɗaya babu a gonar. Muka je kotu muka samo odar rufe akawun ɗin, sannan fa muka aika wa mai POS takardar gayyata. Ranar farko bai zo ba, yaron nan nawa ya sake cewa mu ɗauko ƙaninsa da ke tsaron shagon zai fito, nace ka je ka karanta sashe na 7 na ACJA, ba a kama wani a madadin wani. Washegari da ƙafarsa ya zo.

To anan na tafka kuskurena, kuma bazan ɗora wa kowa ba. Juma'a ce da yamma, ina wani mitin a sama, yaron POS ya fashe da kuka ya fara zuba kamar famfo, batirin kamara ya mutu kuma ba wuta, yarana suka bugo min wai oga yana magana fa, nace ku rubuta kar ya canza ra'ayi. Ba lauya, ba bidiyo. Na sani sarai sashe na 15 yayi maganar ɗaukar irin wannan bayanin a bidiyo, na 17 kuma yace a gaban lauyansa, in bashi da shi a kira na hukumar ba da agajin lauya ko wani da ya zaɓa da kansa. Ni da nake ta ce wa yara kar suyi gaggawa ni nayi. Ranar Litinin na sa aka sake ɗauka yadda ya kamata, amma an riga an sami bayani biyu, a na farko yace a mota aka fara kawo masa katunan, a na biyu yace a shago. Ɗan wannan bambancin, wallahi sai da ya dawo ya cije mu.

Tun kafin mu gayyaci jami'in waya ta fara ruri. Na farko wani tsohon abokin karatuna ne da rabona dashi shekara goma, gaisuwa kawai wai, daga ƙarshe yace "af, wani bawan Allah ne naji yana da 'yar matsala a gunku." Sai bayan sallar Juma'a wani dattijo da ban sani ba ya riƙe min hannu ya ƙi saki yana min nasiha akan rufin asiri. Wanda ya fi min nauyi na kawuna ne daga Jos, yace "Ɗana, mutumin nan fa surukin maƙwabcinmu ne na Gangare, an zo har gida an same ni, a duba a sassauta." Na durƙusa a falo kamar yana ganina nace "Kawu Allah ya ƙara girma, abun ya wuce hannuna, takardu suna gun lauyoyi." Ba ƙarya nayi ba, amma ba duka gaskiyar bace, kuma ya gane, wata biyu baya ɗaga wayata. Duk kiran nan na rubuta su a littafi har da na kawu, na kai wa oga ya gani. An kuma ajiye buhun shinkafa biyu a gun mai gadin layinmu wai saƙo ne, nace ya bar su a inda suke har mai su ya dawo, na ɗau hoto.

Wanda bai zo da sauƙi ba shine na cikin gida. Na lura duk takardar da muka shirya nema, kafin wasiƙarmu ta isa an san da zuwanta. Na yi shiru na canza tsari, kowa na bashi wani guntun labari daban, guntun da ya fita waje na babban mai bincikena ne, mutumin da muka yi shekara shida tare. Na kira shi na rufe ƙofa. Bai musa ba, yace sau ɗaya suka haɗu a wani gidan abinci a Wuse, bai karɓi komai ba, tausayi ne. Ko ya karɓa ko bai karɓa ba ni ba hurumina bane, na cire shi daga kes ɗin ranar, na rubuta memo zuwa sashen ladabtarwa, hannuna na rawa. Har yau wasu a ofis basa gaishe ni da kyau sabida wannan. Akwai kuma wani ƙaramin ma'aikaci a can ofishin shirin da ya taimaka mana a ɓoye, ya taɓa tambayata zancen ladan masu kwarmato da gwamnati ta fito dashi a Disambar 2016, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abinda aka ƙwato, nace masa ni abinda ya fi damuna ba ladan bane, kar sunanka ya fita. Sunansa bai shiga ko takarda ɗaya ba, amma duk da haka an zarge shi an yi masa tiransifa zuwa inda ko teburi babu.

Ranar da jami'in ya zo, ya zo da babbar riga da lauya, kamara biyu na sa aka kunna, da kaina na duba batir. Aka karanta masa gargaɗi cewa ba dole ya yi magana ba kuma duk abinda ya faɗa za a iya kai shi kotu. Ban zauna a kujerar tambaya ba, gefe na koma, aikina in ga an bi ƙa'ida. Tsarin da muka yi shine kar a nuna masa komai da farko, a bar shi ya ba da labarinsa. Yace shi da hannunsa ya raba katuna a ƙauyuka, mata har guɗa suka yi. Aka rubuta, ya sa hannu. Yace bai san wani mai POS ba. Aka rubuta. Kamfanin fa? Bai taɓa ji ba. Sannan aka fara ajiye takardu a gabansa ɗaya bayan ɗaya, ta CAC ce ta ƙarshe, ya daɗe yana kallon sunan ɗansa, ya cire hula ya ajiye akan gwiwa ya nemi ruwa. Can yace "Ni fa umarni ake bani daga sama." Aka ce wa? Ya faɗi muƙami. A rubuce? Ya yi murmushi yace "Yallaɓai ana rubuta irin wannan?" Yatsan mai tabon kuwa na direbansa ne, masani ya tabbatar.

Mun bi maganar na saman nan iya ƙarfinmu. Akwai kuɗin da ake cirewa tsaba daga kamfanin duk wata kwana ɗaya bayan biya, akwai kiran waya tsakaninsu a ranakun, amma shugaba da na ƙasa dashi dama suna waya, kuma tsabar kuɗi bata da suna. Na rubuta rahotona na sa shi a ciki, lauyoyi suka zauna suka cire shi, suka kuma rage tuhume tuhumen da muka jera zuwa ƙasa da rabi. Na yi faɗa sosai, lauyan yace "Oga abinda ka sani daban, abinda zaka iya nuna wa alƙali daban." Gaskiya ya faɗa, amma har yanzu in na ga mutumin a taro yana jawabi akan tallafa wa mata sai in ji abinci ya fita raina.

Kotu kuma wata duniya ce. An gurfanar dasu, sun ce basu aikata ba, aka ba da beli. A takarda ACJA tace shari'a kullum kullum, in ya gagara kowane ɓangare kar ya wuce ɗagewa biyar, tsakani kar ya wuce kwanakin aiki 14. A zahiri yau lauya ba lafiya, gobe wanda ake tuhuma yana asibiti, jibi hutun kotu ya shigo. Mai POS ya koma shaidarmu, direban ya amsa laifi ta hanyar sasantawar da sashe na 270 ya tanada. Jami'in yace tilasta masa aka yi ya yi bayani, aka buɗe ƙaramar shari'a a cikin babbar, muka kunna bidiyo, ga shi nan zaune yana shan lemo lauyansa na gefe yana gyara masa kalma, maganar ta mutu anan. Amma da mai POS ya hau akwatin shaida lauyan ya ɗaga bayanan nan biyu sama, ɗaya a kowane hannu, yace a mota ne ko a shago, wanne ne ƙaryar, ta Juma'a ko ta Litinin? Awa biyu yana juya yaron kamar waina, ni ina bencin baya kaina a ƙasa.

Watan jiya aka zo kan matan. Malamin ya kawo mahaifiyarsa tun ana gobe zaman suka kwana gun 'yan uwa a Gwagwalada, da sassafe na tura mota ta ɗauko su. Ta sha sabon zani, bata taɓa shiga lif ba ta riƙe hannun ɗanta gam. Da aka nuna mata takardar ta bakin tafinta, bata jira tambaya ba ta ɗaga babban yatsanta sama ta juya shi ta nuna wa alƙali, ta nuna wa lauyoyi, har da 'yan kallo, sai da alƙali ya ɓoye murmushi. Lauyan wanda ake tuhuma yace bai shirya yi mata tambayoyi ba yau, yana neman wata rana. Aka ɗage.

A waje ta tsaya a inuwa tana gyara mayafi tace "Ɗan nan, to kuɗin namu yaushe za a bamu?" Nace "Inna kuɗin da aka rufe sai an gama shari'a, in kotu ta ƙwace shi asusun gwamnati zai fara shiga, daga nan sai a nemi a biya ku." Ta kalle ni tace "Gwamnatin dai?" Nace eh. Ta jinjina kai, ta tambayi ɗanta ranar da aka ce su dawo, ya faɗa mata, ta ƙirga da yatsu tace ranar kasuwarsu ce, amma zata zo. Na ciro kuɗin mota daga aljihuna na ba malamin, don na ofis ba a sa hannu a baucan ba tukuna, na raka su har inda zasu hau ta Kwali.